Ƙungiyoyin al'umma da fitattun mutanen Jihar Kebbi: daga ina tarihinsu ya soma?

Wani malamin makaranta a Birnin Kebbi, wanda shi ne sakataren ƙungiyar cigaban unguwarsu, ya aiko da tambaya. An ɗora masa rubuta ɗan littafi a kan tarihin ƙungiyoyin al'umma da fitattun mutanen jihar, yana kuma son ya sani ko daidai ne ya fara daga 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar, sannan su wa ya wajaba sunansu ya shiga.

Malam, idan ka fara daga 1991 za ka rubuta tarihin takardun rajista ne kawai, domin abin da ya faru a ranar 27 ga Agusta na waccan shekara shi ne gwamnatin Janar Babangida ta yanke masarautu huɗu daga tsohuwar Jihar Sakkwato, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ta haɗa su ƙarƙashin gwamna ɗaya mai zama a Birnin Kebbi. Mutanen waɗannan masarautu sun riga sun daɗe da sanin yadda za su haɗa kai su yi abin da mutum ɗaya ba ya iyawa, kuma kowace masarauta ta koyi hakan ta hanyar da rayuwarta ta tilasta mata: Argungu da Yawuri ta hanyar ruwa, Zuru ta hanyar gona, Gwandu ta hanyar zauren karatu, Jega da garuruwan kan iyaka ta hanyar kasuwa. Shawarata ita ce ka gina littafin a kan wannan, sa'annan ka shigar da kowane fitaccen mutum a cikin irin taron da ya raine shi, maimakon ka jera sunaye a babi guda na ƙarshe kamar yadda aka saba.

Ka soma da masunta, saboda tsarinsu yana cikin mafi tsufa da har yanzu ake gani da ido. Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ta zauna ne a kan fadamar Gulbin Kabi, kuma ganuwar Surame da ta rage har yau shaida ce ta yawan hannun da aka iya tarawa a aiki guda. Kabawa ba su bar kogi ya zama na kowa ya shiga lokacin da ya ga dama ba. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa wanda yake shugaban masunta, kuma akwai al'adu irin su gyaran ruwa da fashin ruwa waɗanda suke tsayar da ranar da za a buɗe su, wato kamun kifi. Duk abin da mutum zai ce game da tsafin da ya cakuɗa da waɗannan al'adu a da, aikinsu a fili yake: gurbin da aka hana shiga na tsawon watanni kifinsa yana samun damar girma da hayayyafa, ranar da aka buɗe kuwa mai homa ɗaya da gora yana da haƙƙi kamar mai taru. Wanda ya saci jiki ya shiga kafin lokaci ya san gaban wa za a kai shi. Wannan ƙungiya ce cikakkiya, tana da shugabanni da doka da horo da ranar taro, rajista kaɗai ta rasa.

Bikin kamun kifi na Argungu daga nan ya tsiro. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa, kuma nauyin wannan ziyara ba zai fito ba sai ka ba mai karatu abin da ya gabace ta. Jama'ar Shehu Usmanu sun ci Birnin Kebbi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Kabawa suka ci gaba da turjiya, aka kashe sarkinsu Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake tayar da tutarsu daga Argungu a 1849, aka sami ɗan sararin da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sa'annan yaƙi ya dawo, Sarki Sama'ila da ya hau a 1883 ya riƙe shi har zuwan Turawa. Kusan shekara ɗari na gaba tsakanin maƙwabta aka rufe da taron masunta a bakin Matan Fada, gurbin kogin da ake yin bikin. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, an kuma dawo da shi a 2020 bayan ya yi kimanin shekara goma a kwance. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne cewa gwamnati tana iya kawo baƙi da rumfuna da kyautar mota, amma hana kamun kifi a Matan Fada duk tsawon shekara, wanda in babu shi babu giwan ruwan da za a ɗora a sikeli, aikin sarakunan ruwa ne da biyayyar masunta.

A Yawuri ma ruwa ne ya tsara zaman jama'a, sai dai labarinsu ya karye a tsakiya. Gungawa sun zauna a tsibiran Neja suna noman albasa da gero da kamun kifi, Sarkawa kuma suka gangaro daga Kabi da sana'ar su. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafkin ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 a ƙasashen Yawuri da Borgu aka mayar da su sababbin matsugunai. Yadda dangi da unguwanni suka sake ɗinke kansu a gidajen da ba su suka zana ba babi ne mai zaman kansa, kuma tsofaffin da suka ga tashin suna ƙarewa. Bikin Rigata da ake yi yanzu yana tuna zamanin jiragen yaƙi na kogin. Sarkin Yawuri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya taɓa zama shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta.

Sai Zuru, inda nake ganin marubuta daga ɓangaren Gwandu da Argungu suka fi yin gaggawa, alhali nan ne ake da ɗaya daga cikin tsararrun ƙungiyoyin samari a duk Arewa. A al'adar Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa surukinsa noma har damina bakwai. Ba shi kaɗai yake zuwa gonar ba. Yana shiga rukunin tsararrakinsa, yau a yi gonar surukin wannan, gobe ta wancan, har a zagaye kowa, kuma rukunin yana da shugaba da ƙa'ida mai tsanani game da makara da ragwanci da nuna gajiya a gaban jama'a. Yaron da ya fito daga kokawa ya shiga golmo ya fita ya san biyayya ga na gaba, ya san jure yunwa da rana, ya kuma san cewa abin kunyar da ya yi na rukuninsu ne baki ɗaya. Bikin Uhola, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, yana haɗe da wannan sha'ani na samari da 'yan mata da suka kai munzali.

Ba mamaki ba ne da sojan Turawa suka riƙa ɗibar mutane daga wannan yanki tun farkon mulkinsu, har aikin soja ya zama kamar gado a gidaje da yawa. Daga nan ne za ka fahimci dalilin da ya sa ƙaramar masarauta ta fitar da manyan hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da ɗan'uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi da ya riƙe hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Manjo Janar Muhammadu Magoro, da marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru. Ba ina cewa golmo ne ya ba su muƙami ba, makaranta da ƙwazon kansu ne suka kai su can, amma ƙasar da take girmama juriya da aikin rukuni ita ta sa iyaye suka ɗauki soja a matsayin aikin mutunci tun lokacin da wasu wurare suke ɓoye 'ya'yansu. Ka kuma tuna cewa Zuru haɗakar sarautu biyar ce, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma akwai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya sau da yawa a gida ɗaya. Saboda haka zumuntar mata ta coci da ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban makarantun mishan da ƙungiyar tsofaffin sojoji duk suna da gurbi a littafinka daidai da na kwamitocin masallatai.

A sauran ƙasar Hausa ta jihar, abin da ya yi aikin golmo shi ne gayya, ko da yake ita ba ta da sharaɗin aure kuma ba ta kai shi tsauri ba. Mai gona ya kai goro, sarkin samari ya sanar, makaɗan noma su zo, matan gida su dama fura su tuƙa tuwo, a share gonar da za ta ci wa mutum mako guda kafin azahar. Da irin wannan hannu ake yaɓen masallaci da gyaran maƙabarta da cike kwazazzabon da ya yanke hanyar kasuwa. Mata kuma suna da adashi da biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunan ɗanta yake dawo miki da ƙari ranar taki hidimar, uwar adashi kuwa takan riƙe lissafin mutum ashirin a ka ba tare da ta rubuta ko harafi ba. Fulanin daji suna da arɗo da ruga masu tsara mashaya da burtali da lokacin tafiya mashekari tun kafin a ji sunan Miyetti Allah.

Gwandu tata hanyar daban ce. Shehu ya zauna a can daga 1805, a kusa da nan aka yi yaƙin Alwasa a wannan shekarar, kuma da aka raba kula da daula a 1812 yammaci ya faɗa hannun Malam Abdullahi, wanda ya rasu wajen 1829. Abin da ya tara mutane a Gwandu shi ne karatu. Ɗalibi yakan taso daga nesa ya sauka a zauren malami, ya yi masa noma, ya sauke littafi ya karɓi izini, ya koma garinsu ya buɗe nasa zauren, sai ga zumunci ya ƙullu tsakanin garuruwan da ba su haɗa jini ba. Malam Abdullahi ya bar tafsirinsa Liya'ut Ta'awili da littafin shari'a da mulki Liya'ul Hukkami, amma wanda ya fi shafar aikinka shi ne Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Ga misali nan daga cikin gida na yadda ake rubuta tarihin fitaccen mutum: a faɗi wanda ya koyar da shi da abin da ya koya. Darajar littattafan garin ta kai har Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, a can ya sami kwafen Tarikhus Sudan, babban tarihin Songhai da Tumbuktu. Zawiyoyin Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun ɗora a kan wannan tushe, daga baya Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 da Izala da aka kafa a 1978 suka zo da sabon salo na rassa da sakatarori da 'yan agaji masu kaki da makarantun Islamiyya na matan aure, sai kuma FOMWAN ta mata Musulmi daga 1985.

Jega tana bukatar babinta. Mutanen Malam Abdussalami na Gimbana ne, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa garin bayan rasuwar uban. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, tana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari kansa ƙungiya ce mai tafiya: madugu yana yanke shawara yana kuma sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya, jagaba yana gaba, kowane falke ya san abin da zai zuba da abin da zai samu na kariya. A gari kuwa fatoma ne yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi. Kowace sana'a da sarkinta, Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aski da sauransu, su suke karɓar sabon shiga, su raba gardama, su tara abin da za a kai fada. Idan ka zauna da shugabannin ƙungiyar 'yan albasa a Aliero, ko masu shinkafa a Kamba, ko direbobin tasha a Jega, ka saurari yadda suke hukunta wanda ya karya farashi ko ya tsallake layi, za ka ji tsohon tsarin ne aka sa wa hatimi da katin shaida. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu karaya daga jihohi masu nisa har da ƙetaren iyaka, su ma gidaje ne masu gadon sana'a da ƙa'idar wanda ya isa ya taɓa majinyaci.

Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, ya kawo wani iri. Da Turawa suka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi suka kuma buɗe makarantun boko, sai aka sami ƙaramin rukuni na malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da na gona, waɗanda suka fara taron muhawara da kulob na ƙwallo da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuma daga irin waɗannan tarurruka a faɗin Arewa ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito a ƙarshen shekarun 1940. Manyan wannan zamani a ƙasar Gwandu sun haɗa da Sarki Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954 kuma babban asibitin Birnin Kebbi yake ɗauke da sunansa, da Sarki Haruna Rashid da ya gaje shi ya zauna har 1995 ya kuma shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, da Alhaji Umaru Gwandu da ya zama kakakin Majalisar Dokokin Arewa, da Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, malami kuma marubucin waƙoƙin Hausa, wanda aka sa wa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Birnin Kebbi sunansa. A jamhuriya ta biyu kuma ɗan wannan yanki, Shehu Kangiwa, shi ne gwamnan farar hula na farko na tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1979 har rasuwarsa a 1981.

Ƙungiyoyin cigaban gari irin taku, masu tsarin mulki a rubuce da shugaba da ma'aji, sun yawaita ne bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da ikon En'e ya ƙare, 'yan boko kuma suka watsu zuwa Sakkwato da Kaduna da Legas suna waiwayen gida. Ɗan gari da ke aiki a birni shi ya san ofishin da ake kai takardar neman makarantar sakandare ko rijiyar burtsatse, na gida kuma su ke da fili da hannun aiki, sai aka haɗu. Gwamnatocin soja sun ƙara wa abin wuta da shirye-shirye irin su DFRRI na samar da abinci da hanyoyi a karkara a 1986 da shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, waɗanda ba sa mu'amala da mutum sai ta hannun ƙungiya. A sama da na garuruwa akwai na masarautu, kamar ƙungiyar cigaban masarautar Gwandu da ta masarautar Zuru.

A nan ne nake so ka yi taka-tsantsan, domin daga wannan lokaci ƙungiyoyi suka rabu gida biyu, kuma littafin da bai bambance su ba zai yaudari mai karatu. Akwai wadda bukata ta haifa, mutane suna zuba kuɗinsu da guminsu tun kafin wani ya san da su. Akwai kuma wadda aka haifa ranar da aka ji an ce tallafi yana tafe. Noman shinkafa ya nuna wannan a fili. Shirye-shiryen Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun shekarun 1990 sun sa manoman rani sun haɗu rukuni-rukuni don samun injin ban ruwa da rijiyoyin fadama, kuma da yawa daga cikinsu sun ɗore saboda mutanen da ke ciki maƙwabtan gona ne da suka san halin juna. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda ake kira Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi, aka bi ta hannun ƙungiyoyi irin su RIFAN ta manoman shinkafa, aka sami haɗin gwiwar shinkafar Lake da Jihar Legas a 2016, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka sami abin saye. Noma ya bunƙasa, wannan babu musu. Amma maganar rashin biyan bashin ta zama ruwan dare a ƙasa baki ɗaya, ambaliyar 2020 kuma ta ƙara dagula lissafi. A ganina babban dalilin shi ne rukunin da aka harhaɗa cikin mako guda don cike fom ba shi da abin da adashi yake da shi, wato kunyar haɗa ido da wanda ka ci wa kuɗi. Tambayar da za ka yi wa kowace ƙungiya kafin ka ba ta shafi ita ce me ta yi da kuɗin aljihun 'ya'yanta a shekarar da babu wanda ya ba ta ko kwabo.

Babi mafi nauyi shi ne na tsaro. 'Yan banga da 'yan sa-kai, musamman a masarautun Zuru da Yawuri, sun taso ne saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma sun biya farashi mai tsada: a watan Maris na 2022 an kashe fiye da 60 daga cikinsu a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba, watanni tara bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021. Ka rubuta sadaukarwarsu, ka kuma rubuta ƙorafin da ake yi cewa wasunsu suna yanke hukunci da hannunsu a kan wanda ba a tabbatar da laifinsa ba, ka ji ta bakin manoma ka ji ta bakin makiyaya.

Game da fitattun mutanen wannan zamani, gwamnoni ba sa bukatar dogon bayani, kowa ya san jerinsu tun daga Abubakar Musa zuwa Adamu Aliero da Sa'idu Dakingari da Atiku Bagudu. Abin da ya fi dacewa da jigon littafinka shi ne mutanen da ƙungiya ce ta fito da su. Farfesa Attahiru Jega ya yi suna ne a matsayin shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU daga 1988 zuwa 1994, a lokacin da yin hakan yake iya kai mutum gidan yari, kafin ya shugabanci Jami'ar Bayero sa'annan hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ta ƙungiyar malaman makaranta NUT ya hau har ya zama shugabanta na ƙasa kafin zaɓen 2023. Sarkin Kabin Argungu Sama'ila Muhammad Mera, wanda yake kan gado tun 1996, an san shi a wajen jihar saboda jagorancin kwamitin sarakunan Arewa kan rigakafin shan-inna da lafiya a matakin farko. Makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani su ma su shiga, don a bakinsu ne sunayen hakimai da attajirai da yawa suka tsira. Ina ba ka shawarar kada ka ɗauki rawani shi kaɗai a matsayin hujjar shiga littafi, musamman sarautun da aka naɗa a shekarun nan na siyasa. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da alaramman da ya yaye ɗaruruwan almajirai, da ma'ajin da ya riƙe asusun gari shekara da shekaru ba a nemi sisi an rasa ba, sun cancanci shafi, amma ka nemi izininsu ko na iyalansu kafin ka buga suna.

Wajen tattara bayani, fara da abin da yake hannunku: littafin rubuta bayanin taro, rasiɗai, takardun neman taimako, hotunan ƙaddamar da gidauniya, waɗanda galibi suna cikin akwatin tsohon sakatare ko magadansa. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohuwar fadar sarki ce, zai taimaka a kan sarautun ruwa da na yaƙi. Rahotannin haraji da littattafan gundumomi na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma rubuce-rubuce a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka lura cewa Zuru ta daɗe a ƙarƙashin Kontagora da Lardin Neja a zamanin Turawa, sai a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, saboda haka takardunta da yawa suna ƙarƙashin Kontagora da Lardin Neja. A kan yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu kuwa kowace fada tana da yadda take ba da labarin, ka kawo duka biyun ka faɗi daga inda kowanne ya fito.

Tsofaffin da za ka yi hira da su ba za su ba ka shekara da lamba ba. Za su ce an kafa ƙungiyar zamanin Sarki Haruna, ko shekarar da aka canza hannun tuƙi, ko bayan canjin kuɗi da damina biyu. Ka tafi da takarda mai ɗauke da shekarun sarautar sarakunan masarautu huɗu da na hakiman gundumar da kake bincike, tare da abubuwan da kowa yake tunawa, kamar canjin hannu a 1972, da shigowar naira a 1973, da tashin Kainji a 1968, domin ka mayar da maganarsu lissafi nan take ka kuma sake tambaya idan biyu sun saɓa. Hirar mata kuma ka ba wata mace daga cikin ƙungiyarku ta yi ta a cikin gida, domin abin da uwar adashi za ta faɗa maka a zaure gaban mijinta bai kai rabin abin da ta sani ba.